Turakun Bara

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Daga mahaifiyarka a Gidan Marke, hayin gulbin Bungudu, zuwa ga ɗana Umaru. Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya sauke ka Gusau lafiya, ya tsare ka a tudu da kwari, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da abokin da zai yabe ka a kan kuskure.

Bayan haka, na sa takardar nan cikin gafakarka, ƙarƙashin rigar da na wanke maka, don kada ka gan ta sai ka sauka. Da da baki na faɗa maka, da ka sunkuyar da kai ka ce, "To, Inna," kamar yadda ka saba, maganar ta wuce ta bayan kunnenka. Ka karanta kai kaɗai, a zaune. Kada ka nuna wa kowa sai bayan raina.

Na ji abin da ake shiryawa, ko da yake ba kai ka gaya mini ba. Malam Isa mai sayen auduga, wanda ya ɗauke ka aikin awo, yana so ka dawo nan da Juma'a uku ka tsaya neman wakilcin gayya. Ka san yadda ake yi tun da dagaci ya gaji da rigimar aikin rani: in an gama girbi, an sauko daga masallaci, magidanta su taru a ƙofar gidansa, kowa ya tsaya bayan wanda yake so. Mutum uku da sahunsu ya fi tsawo, su za su ce ga inda ƙarfin gari zai tafi a shekarar. Malam Isa na so ka ce a kai shi kan hanyar mota, a haɗa ta da gwadaben da ya nufi tashar jirgin ƙasa da aka buɗe a Gusau. Kai ma haka kake so. Na ga fuskarka ran da kake ba ƙannenka labarin jirgin.

An taɓa yin wannan zaɓe a kan wannan magana shekara bakwai da suka wuce, kana Tsafe wajen kawunka kana karatu. Abin da aka gaya maka shi ne yayanka ya nutse a mashigi, ƙaddara ce. Ƙaddara ce kam, ban musa ba. Amma ƙaddara ta bi ta hannun mutum, kuma hannun nawa ne. Ga yadda aka yi.

Zan fara da ranar da aka kawo ni garin nan. Ni 'yar malami ce, ka sani. Na sauke, na karanta fiƙihu da nahawu a gaban mahaifina tare da ɗalibansa maza, ni ina bayan asabari, har na wuce da yawansu. Da muka iso bakin gulbi, Baba Gado sarkin fito ne ya riƙe igiyar takarkarin da aka ɗora ni a kai. Lokacin bai tsufa ba. Kafin ya sa ƙafa a ruwa ya yi addu'a, ya karkatar da kalma biyu. Ni kuwa, amarya a lulluɓe, wadda ake so ta yi shiru ko da kunama ta harbe ta, sai na gyara masa. Matan da suka rako ni suka daskare. Shi kuwa ya yi dariya ya ce, "Amarya, ke kin san baƙi, ni na san ruwa. Ɗage ƙafafunki, za mu shiga."

Mutumin kirki ya yi mini wasa, ni na riƙe shi a zuci shekara ashirin da wani abu. Duk lokacin da aka ambaci Baba Gado a gabana, abin da nake gani jahili ne mai ƙarnin kifi. Ban taɓa tambayar kaina yadda yake gane inda yashi ke ɗaukar jaki da inda yake haɗiye shi ba. Saboda haka ina gargaɗinka: yanzu kana da alƙalami a kunne, za a riƙa ce maka Malam. Wanda bai iya rubuta sunansa ba, ka tambaye shi abin da ya iya kafin ka raina shi. Girman kai da ilimi ya fi girman kai da dukiya muni, don mai shi yana zaton ibada yake yi.

Kuskurena na biyu ya fara ne a Gusau. Na je suna gidan ƙanena, ina tsaye a bakin zaure na ga mota ta wuce karo na farko a rayuwata. Na dawo gida zuciyata na can. Na dubi garinmu na ga kamar an manta da shi a bayan ruwa. Mahaifinka, Allah ya ji ƙansa, mutum ne mai gonarsa da almajiransa, ba ruwansa da tsayawa gaban jama'a. Ni na tura shi. Na yi wata guda ina ce masa malami bai kamata ya bar masu fito su riƙa yanke wa gari shawara ba.

A wancan lokaci Baba Gado na cikin wakilai uku kowace shekara, ba wanda ke ja da shi, don kowa ya san dalili. Gulbin nan ba ya kwana inda ya kwana bara. Kowace damina yakan cike wani rami ya haƙa wani. In ruwa ya ja, sai Baba Gado ya shiga da dogon gora yana tokara, taki bayan taki, har ya gano inda ƙasa ke da ƙarfi. Sannan 'yan gayya su tuge turakun bara, su kafa su a sabon wuri, layi biyu, su jera duwatsu a gangara. Turakun na itacen kirya ne, an buga su da zurfi, mutum ɗaya ba ya iya girgiza ko guda. Mai jaki, mai tallan fura, mai ɗauke da mara lafiya, kowa tsakanin turakun yake bi, ba ya ma duban ruwan. Wannan aiki shi ake fara yi kafin kowane aiki. In an gama sai a koma gyaran rijiya da katangar maƙabarta.

A shekarar ne wasu suka kawo maganar hanyar mota. Mata ba sa tsayawa a sahu, amma ni ina da abin da ya fi sahu. Kowace Alhamis matan aure sun fi talatin suna zuwa gidanmu ɗaukar karatun salla da tsarki, suna ce mini Modibbo. Sai na mai da darasin wani abu daban. In mun gama babin alwala, sai in ce musu garin da mota ba ta zuwa ya mutu, mijin da ya tsaya bayan mai fito ya zaɓa wa 'ya'yansa dako har abada. Na ce kowacce ta faɗa wa mijinta in ta kai masa tuwo.

Mace ɗaya ce ta ja da ni, Ladi mai daddawa, wadda ta kasa haddace tahiya shekara uku. Ta ce, "Modibbo, ni dai daddawata ba ta san mota ba. Gulbi nika ƙetarawa duk ran kasuwa, ƙwarya bisa kai, goyo a baya. In motar ta zo, ita za ta ɗauke ni?"

Matan suka yi dariya. Na ce mata, "Ke da ba ki gama da tahiya ba, ki bar maganar gari." Suka sake yin dariya, wannan karon a kanta. Ba ta ƙara zuwa ba.

Ran Juma'ar, an ce sahun mahaifinka ya kai har gindin rumbunan dagaci. Sauran biyun da aka zaɓa su ma masu son hanyar mota ne. Bayan Baba Gado kuwa 'ya'yansa uku ne da mijin Ladi da wasu tsofaffi. Na yi murna, na dafa dambu na raba wa maƙwabta.

Ka ji wannan da kyau, Umaru. Abin da aka ba ka amana don wani abu, kada ka yi wani abu daban da shi. Matan nan salla suka zo koyo, na sayar musu da burina. Kai ma manoma za su riƙa tsayawa gaban sikelinka, kowa na tsoron ɓata maka rai. In ka ce musu su tsaya bayanka ran Juma'a, za su tsaya, amma ba kai suka zaɓa ba, sikelin suka ji tsoro. Kuma duk wanda ya ce maka a gyara hanya kaza, ka tambaye shi wa ke bin ta da ƙafarsa. Tambayar Ladi ita ce tambayar, ni da littattafaina ban yi ta ba.

Na uku shi ne wanda ba wanda ya sani.

Wakilai suka yanke cewa duk namiji mai ƙarfi ya tafi kan hanya, a kwana can a bukkoki, ba dawowa sai an kai gwadabe. Maganar mashigi aka ce sai an gama. Mahaifinka ya tafi, yayanka ya bi shi, 'ya'yan Baba Gado ma aka tafi da su. Kwana biyu da tafiyarsu, da hantsi, na ji sallama a zaure. Na leƙa ta bayan zana, ga Baba Gado tsugune, goransa a jingine, zaninsa a jiƙe har ƙugu.

Ya ce, "Modibbo, kwana lafiya? Saƙo nika son ki aika wa Malam, tunda ke kika da alƙalami, kuma ke yaka ji."

Na ce, "Ina saurare."

Ya ce, "Ban zo kan zaɓe ba, wanga ya wuce, Allah ya sa albarka. Amma na shiga ruwa yau. Wajen turke na tara, inda munka bi bara, gulbi ya haƙa rami, gorana bai taɓa ƙasa ba. Gefensa kuma yashi ne mai cin ƙafa. A ba ni mutum shida, kwana biyu. In ba a iya kafa sababbi, a tuge tsofaffin kurum. Ruwan da babu turke mutum ka jin tsoronsa, ya tambaya. Wanda ke da turke ba ya tambayar kowa."

Na ji kowace kalma, na kuma gane ta. Kada ka yi mini uzuri da cewa ban gane ba. Amma abin da raina ya ce mini shi ne tsoho ya sha kaye yana neman ƙofar baya, kuma in mutum shida suka bar hanya a ce saboda Gado, an kunyata mahaifinka tun a makon farko. Na ce masa, "Baba Gado, an riga an yanke. In Malam ya dawo zai ji."

Ya ce, "To. Amma dai ki rubuta, Modibbo. Baƙi nawa ne?"

Na ce zan rubuta. Tawada na nan, takarda na nan, masu kai abinci kan hanya kullum suna wucewa ta ƙofarmu. Ban rubuta ba.

Shi kuwa ya koma bakin gulbi ya zauna a gindin marke, tun fitowar rana har faɗuwarta, duk wanda ya zo ƙetarawa sai ya tare shi ya nuna masa ta sama da turakun. Kwana ashirin yana haka. Mata da tsofaffin da suka rage a gari duk suka sani. Waɗanda ke kan hanya ne ba su sani ba. A rana ta ashirin da ɗaya, wakilai suka aiko a kai shi gaban dagaci ya faɗi dalilin da ya hana shi zuwa ko ɗebo wa ma'aikata ruwa. Mahaifinka na cikin masu aikowar. Bai san abin da tsohon ke yi a bakin ruwa ba, don ban gaya masa ba.

Ka riƙe wannan: saƙon da ya shafi rai, ko daga bakin maƙiyinka ya fito, ka isar da shi kafin ka sha ruwa. Ba kai ne alƙalin niyyar mai kawo shi ba.

Yayanka ya dawo gida ran Laraba, mahaifinka ya ba shi kwana biyu ya kai audugarmu kasuwar Bungudu. Ka san shi ɗan farina ne. Tun da na haife shi ban taɓa faɗin sunansa ba, ban taɓa kallonsa ido cikin ido ba, in zan ba shi abinci sai in ajiye in kau da kai. Haka uwata ta yi da nata, haka ake yi, ban ga laifin wannan ba har yau. Da safe ya laɓta wa jakai biyu kaya a tsakar gida. Ina zaune ina kaɗi, ina jin sa yana yi wa ƙanwarka Hajo tsiya, wai in ya dawo zai sayo mata miji a kasuwa in an yi araha. Ya zo ya tsuguna daga nesa ya ce, "Inna, na tafi."

A lokacin turke na tara ya faɗo mini a rai, sarai, kamar an rubuta a allo. Da na ce wa Hajo, "Gaya wa yayanki ya bi ta sama da turaku," shi ke nan, ba kunyar da aka keta. Amma da ya tambaya wa ya ce, da maganar ta isa kunnen mahaifinku cewa Gado ya zo tun kwana ashirin na ɓoye. Na ce wa kaina ai tsohon na can gindin marke, zai tare shi. Na ce, "Allah ya kiyaye," ban ɗaga kai daga mazari ba. Shekara bakwai ina gaya wa kaina kunyar ɗan fari ce ta rufe mini baki. Ƙarya ce. Bayanta na ɓuya.

A wannan hantsin Baba Gado na tsugune a ƙofar dagaci. Yayanka ya bi tsakanin turakun kamar yadda ya saba tun yana yaro. Jakin gaba ya zurma, auduga ta sha ruwa ta yi nauyi, shi kuma ya naɗe igiyar a hannunsa. Wata mai wanki da ta gani daga hayi ta ce bai saki ba, ya yi ta ja.

Baba Gado ne ya nutsa ya fito da shi da la'asar. Bayan addu'ar uku, da mutane suka watse, ya zo bayan zanan nan ya ce, "Modibbo, Allah ya ba da haƙuri. Ban hwaɗa wa kowa ba, ba ni kuma hwaɗi." Ya tafi. Washegari mutane suka bar hanya da kansu suka tuge turakun, kafin azahar sun gama. Aikin ko wuni ɗaya bai ci ba.

Mahaifinka ya ɗauki laifin duka a kansa, don shi ya aika a kira tsohon. Ya daina koyarwa, ya rame, bayan shekara biyu ya bi ɗansa. Na yi jinyarsa, na ji shi yana neman gafara a kan abin da rabinsa nawa ne, ban buɗe baki na rage masa nauyin ba. Wannan shi ne kuskurena na ƙarshe, kuma ba ni da nasihar da zan ɗora a kansa. Ka dube shi kawai.

Hanyar kuwa an gama ta. Mota ta bi ta sau biyu ko uku a wannan ranin, ba ta ɗauki kowa daga garin nan ba. Ruwan farko ya yanke ta a ƙoramu. Yanzu awaki ke kiwo a kai.

Ban ce jirgi ƙarya ne ba. Ya zo, kuma ba zai koma ba. Wata rana za a yi hanyar, ko da kai ko babu kai. Amma Baba Gado ya rasu bara da damina. A cikin 'ya'yansa Tanko kaɗai ya koyi tokara ruwa, shi ma na ji yana cewa zai tafi leburanci tasha, tunda aikin ubansa bai ba shi ko sahu ba. Ruwa ya fara ja. Yanzu haka da nake rubutun nan, turakun bara suna tsaye a gulbi, ba wanda ya san abin da ke ƙarƙashinsu. Hajo na da ciki, gidanta na hayi, ta nan za ta biyo in ta zo wankan gida.

Ga abin da nake so. In za ka tsaya, ka faɗa da bakinka a gaban kowa cewa mashigi ne farko, sannan hanya. Ka je wurin Tanko da ƙafarka, kada ka aika. In ba za ka iya faɗa ba saboda Malam Isa, kada ka tsaya, ka je ka tsaya bayan Tanko, ko da kai kaɗai ne, ko da za a yi maka dariya.

Ban sa rai za ka ji ba. Kai jinina ne, halina ka ɗauko ba na mahaifinka ba, kuma ni da nake shekarunka ba wanda ya isa ya gaya mini. Za ka ga fitilun tasha, za ka ji ana yabon alƙalaminka, za ka ce tsohuwa ce baƙin ciki ya taɓa. Matan da nake koyarwa sun ragu zuwa biyar, ba zan kuma sake sa su a maganar sahu ba ko da gari zai nutse. Takardar nan ce kaɗai ta rage mini. Ita ce wadda ya kamata in rubuta shekara bakwai da suka wuce.

In ka ƙi duk abin da na ce, ka yi mini abu guda. Ko hanya ta ci, ka nemi mutum shida, wuni ɗaya, a tuge tsofaffin turakun. A bar ruwan babu komai, mutane su ji tsoronsa.

Allah ya tsare fitarka da shigarka, ya tsare ka daga ruwa da ƙarfe da bakin mutane, ya tsare ka daga irin zuciyata. Ya dawo da kai gida lafiya, in ka iso bakin gulbi kuma, ka tsaya ka tambaya. Ka yi wa mahaifinka addu'a, ka yi wa Baba Gado. Ka yi wa yayanka. Ban taɓa faɗin sunansa ba yana raye, har ranar da sunan zai yi amfani. Ga shi na rubuta: Abdullahi.

Wassalam. Mahaifiyarka.